A nuna wa yaranmu Gudali kafin ɗawisu

Wani salo ya fara shiga masu gidan gona a ƙasar nan. A shuka ciyawa, a kawo ɗawisu da zomaye da ɗan doki, a buɗe ƙofa ranar Sallah ko ƙarshen mako, iyaye su biya kuɗin shiga, yara su sha hoto. A Turai abin ya daɗe. Makiyayi a Holand ko Faransa yakan bar yara su shafa maraƙi, su zaga gona a ƙafa, a bakin fita kuma uwargida ta sayi cukun da aka yi da nonon shanun wurin. Ina goyon bayan a yi haka a Sakkwato. Tsorona ɗaya ne, kada a kwaso kwalliyar a bar abin da ya sa aka buɗe ƙofar.

Garin da sunansa ke kan dabbobi har biyu bai kamata ya yi aron abin nunawa ba. Ga saniyar Gudali ta Sakkwato, wadda muke kira Bokolo, mai gajeren ƙaho da tozo da fatar wuya har ƙirji, ga ta da sanyin hali. Ga jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da fatarta, Turawa suka saya a hannun 'yan Maroko suka laƙaba wa fatar sunan Maroko. Maƙwabtanmu na Maraɗi har cibiya suka kafa don kiwon wannan akuya. Mu kuwa yaro ya gama firamare a Mabera ko Arkilla bai taɓa ganin an tatsi saniya ba, madara a wurinsa gari ce a leda. Ba laifinsa ba ne. Satar shanu da 'yan bindiga a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, sun sa ba uban da zai ɗauki 'ya'yansa ya nufi ruga kai tsaye. Kasuwar Kara kuma wurin ciniki ce, ba wanda zai tsaya yi wa yaro bayanin bambancin Uda da Balami ana cikin tayi da albarka.

Cuku fa? Muna da shi, ta Illela yake shigo mana daga Nijar. Matan Buzaye da na Fulani kan ɗiga wa sabon nono ɗan ruwan tumbin ɗan akuya mai shan mama, ya daskare, su shimfiɗa shi siriri a kan 'yar tabarmar kara, rana ta busar. Shi ya sa ake ganin zanen karan a jikinsa. Yana yin watanni ba firij, a ci da shayi ko dabino, ko a daka shi cikin fura. Yaro ya ga wannan da idonsa, ya taɓa ƙwarya da ludayi, ya fi masa hoto goma da ɗawisu. Amma mai yin aikin a biya ta kuɗin sana'arta, kada a tsayar da Bafulatana da ƙwarya a ka don ado kawai.

Sharaɗi biyu ba a sassauta su: a tafasa nono saboda tarin fuka da bakkale, a kuma aje ruwa da sabulu a ƙofar garke.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da tsangayar noma da ta likitancin dabbobi, ga gonarta a Dabagi. Malamai, ku ware rana ɗaya a wata don 'yan makaranta. Masu gidan gona a bakin gari kuma, in kun tashi buɗe ƙofa, ku sa Bokolo da jar akuya a gaba, ku nemo mai yin cuku.