BABI NA HUƊU: ITATUWA DA YANAYI A WAƘAR DAMINA TA NA'IBI SULAIMANU WALI

4.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Zuru da al'ummominta da kuma sana'arsu ta noma. Wannan babi kuwa zai feɗe jigon Waƙar Damina ta Malam Na'ibi Sulaimanu Wali, mutumin Kano, sa'an nan ya auna ta da yanayin ƙasar Zuru, wadda ita ce farfajiyar binciken. Waƙar ta fito cikin littafin Waƙoƙin Hausa wanda Hukumar NORLA ta buga a Zariya a 1957. A 1968 kuma D. W. Arnott ya fassara ta zuwa Ingilishi tare da sharhi a wata mujallar nazarin harsunan Afirka ta birnin Landan.

Tambayar da babin zai amsa ita ce: shin Waƙar Damina wa'azi ce da aka lulluɓe da bayanin yanayi, ko kuwa siffanta halitta shi ne ainihin jigonta? Amsar tana da muhimmanci, domin rukunin da aka sa waƙa a ciki shi ke nuna yadda za a koyar da ita, da kuma abin da ɗalibi zai nema a cikinta.

4.2 Matsayin Itace a Adabin Hausa

Kafin a shiga waƙar, ya kamata a san yadda Bahaushe ya saba kallon itace a adabinsa. Idan aka duba da kyau, za a tarar ba kasafai ake ambaton itace don kansa ba. Galibi aro shi ake yi don a yi magana a kan mutum. A karin magana, idan an ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tarbiyyar yaro ake nufi. Idan an ce inuwar giginya, na nesa ka sha, ana zargin wanda alherinsa ke tsallake danginsa ne. A fagen kirari da waƙoƙin fada, gamji ya zama sunan ƙasaitaccen shugaba, har ya kai ga idan an ce Gamji kawai, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke zuwa a zuciya. Kuka da tsamiya kuwa, a camfin Hausawa, gidajen iskoki ne.

Haka abin yake a rubutattun waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19. Itatuwan da suka fi fitowa a cikinsu su ne na Aljanna don kwaɗaitarwa, da zaƙƙumu na Wuta don tsoratarwa. Ita duniya da tsirranta, abin da sha'irin wa'azi ke so shi ne mai sauraro ya kawar da kai daga gare ta. A taƙaice, a duk waɗannan fannoni itace bara ne, aikensa ake yi. Da zarar ya isar da saƙo an gama da shi.

4.3 Jigon Waƙar

Bisa hanyar feɗe waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo, ana gano jigo ta hanyar furucinsa da kuma warwararsa, wato a bi waƙa daki-daki a ga abin da ya fi cin baitocinta. Idan aka bi Waƙar Damina ta wannan hanya, sunanta ma ya furta jigon, warwarar kuma ba ta saɓa masa ba. Abin da sha'irin ya duƙufa a kai shi ne sauyin da ke aukuwa idan ruwa ya sauka bayan wahalar rani: haɗuwar hadari, da zubar ruwa, da yadda ƙasa ke farfaɗowa, tsirrai su yi kore, halittu su shiga walwala.

Mai cewa waƙar wa'azi ce yana da hujjar da ba za a raina ba. Malam Na'ibi ɗan gidan malamai ne, kuma Alƙur'ani mai girma ya kawo rayar da matacciyar ƙasa da ruwan sama a matsayin dalilin tashin ƙiyama, kamar a Suratul Hajji aya ta 5 da Suratur Rum aya ta 50. Babu Musulmin da ya yi karatu da zai karanta bayanin saukar ruwa bai tuna da wannan ba.

Sai dai kuma tunawa daban, jigo daban. Da wa'azi ne manufar farko, da baiti biyu ko uku sun wadatar wajen kawo misalin ruwa, sauran kuma su tafi ga gargaɗi, kamar yadda masu wa'azi suka saba. A nan akasin haka aka samu. Sha'irin ya tsaya, ya ƙura wa damina ido, ya bar mai sauraro ya gani kuma ya ji. Godiya ga Allah tana nan, amma daga cikin kallon take tasowa, kamar yadda manomi kan yi hamdala idan ya ga shuka ta tsiro ba tare da wani ya umurce shi ba. Saboda haka wannan bincike ya tafi a kan cewa siffanta halitta shi ne babban jigo, godiya ga Mahalicci kuma ƙaramin jigo ne da ke tallafa masa. A nan ne darajar waƙar take: ta ɗauki abin da adabi ya mayar bara, ta zaunar da shi a mazaunin maigida.

4.4 Waƙar a Idon Manomin Zuru

Waƙar siffantawa tana da wata jarrabawa da ta wa'azi ba ta da ita, domin duk wanda ya san abin da aka siffanta yana iya ƙaryata ta. Ƙasar Zuru wuri ne da ya dace da wannan gwaji. Tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da itatuwa, ta fi Kano samun ruwa, daminarta kuma ta fi tsawo. Yawancin mutanenta manoman dawa ne, kuma ga da yawa daga cikinsu, kamar Dakarkari masu magana da C'lela, Hausa harshe na biyu ne.

Manomin Zuru da itatuwa yake lissafin shekara. Ɗorawa kan nuna da bazara, a sami kalwar daddawa. Kuka, wadda ta yi tsirara da rani, takan sake ganye gab da faɗuwar ruwa. Kaɗanya takan zubar da 'ya'ya da damina, mata su tsinto don yin man kaɗe. Wanda ya tashi cikin wannan, idan ya ji bayanin farfaɗowar tsirrai a waƙar, ba ya bukatar dogon sharhi, domin ya riga ya ga abin a bayan gidansu. Wannan ya sa waƙar da aka yi da idon Bakano take iya ratsa wanda Hausa ba ita ce harshen uwarsa ba. Haka kuma godiyar da ke cikinta ba baƙuwa ba ce ga al'ummar da ke da bikin Uhola, wanda ake yi bayan girbi don nuna godiya a kan amfanin gona.

Duk da haka, gwajin ya nuna iyakar waƙar. Fuskar ni'ima ce ta rinjaya a cikinta, alhali kuwa damina fuska biyu gare ta. A al'adar Dakarkari lokaci ne na golmo, inda saurayi kan yi wa surukinsa noma har tsawon shekara bakwai kafin a ba shi mata. Lokaci ne kuma da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon hatsi ya iso. Ko a cikin itatuwa akwai gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore da rani. Wannan bai zama aibi ga sha'irin ba, tun da yabon damina ya nufa, ba lissafin wahalhalunta ba. Amma wajibi ne manazarci ya san cewa ɓangare guda aka haskaka masa.

Akwai kuma zancen zamani. An buga waƙar tun kafin farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka girgiza Arewacin Nijeriya da Nijar. Daga baya saran itatuwa don makamashi da gawayi da faɗaɗa gonaki ya rage dazuzzuka. Waƙar da ke jingine da abin da ido ya sani, idan abin ya ɓace, ita ma ma'anarta takan dushe. Yaron da bai taɓa ganin kuka ta sake ganye ba zai iya haddace baitoci, amma ba zai ɗanɗani abin da kakansa ya ɗanɗana ba.

4.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa babban jigon Waƙar Damina shi ne siffanta halitta, kuma wannan ne ya bambanta ta da al'adar da ta gada, inda itace da tsiro ke zaman misali kawai. Auna ta da yanayin Zuru ya tabbatar da gaskiyar siffantawar, ya kuma nuna inda ta tsaya. Don haka ana ba da shawarar cewa malaman Hausa na wannan yanki su riƙa koyar da ita a farkon damina, su kuma sa ɗalibai su tattaro sunayen itatuwan garinsu da Hausa da harsunansu na gida, don a haɗa karatu da gani. Babi na gaba zai duba salo da sarrafa harshe, wato dabarun da sha'irin ya bi har ya cim ma wannan manufa.