Yatsa ko Kunne: Tsokaci a kan Na'urar Rubutun Makafi ta Tafi-da-gidanka

Tun daga 1829 da Louis Braille ya buga tsarinsa na ɗigo 6 a Faransa, makaho ya sami hanyar rubutu, sai dai kayan aikin sun daɗe suna yi masa nauyi. Keken rubutu na Perkins da ya fito a 1951 yana da nauyi da ƙara, takardarsa kuma kauri gare ta, har littafi guda kan zama kundi da yawa. Wannan maƙala za ta auna ƙaramar na'urar da ta zo rage wannan wahala, ta fuskar amfaninta ga mai rubutu da Hausa.

A 1987 kamfanin Blazie na Amurka ya fitar da Braille 'n Speak, wadda ake danna maɓallanta 6 a haɗe don samar da harafi, ita kuma ta maido da abin da aka rubuta da murya. A 2000 BrailleNote ta fito daga New Zealand da layin gurabu 18 ko 32, inda 'yan ƙusoshi ke tasowa suna nutsewa a ƙarƙashin yatsa. Da irin wannan na'ura ɗalibi kan rubuta lacca ba tare da ya dami na kusa da shi ba, ɗan kasuwa ya ajiye lissafin bashinsa, magidanci ya karanta wasiƙarsa shi kaɗai. Babbar ribarta ke nan, wato sirri. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, da ka ya tsara baitocinsa, wasu suka rubuta masa. Makahon da ke riƙe da wannan na'ura ba ya jiran alƙalamin kowa.

Amma akwai abin dubawa. Na farko, sauraro daban, karatu daban. Wanda ya dogara ga muryar na'ura yakan san abin da aka ce, bai san yadda aka rubuta shi ba, domin ƙa'idojin raba kalma da haɗe ta ba sa fitowa a murya. Lamarin ya fi tsanani a Hausa, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Muryar da aka gina don Ingilishi ba ta da hanyar bambanta gari na zama da gari na tuwo. Yatsa kuwa yakan bi jimla, hankali ya warware, kamar yadda mai ido ke yi.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Rubutun makafi na Hausa ya ware wa ɓ da ɗ da ƙ alamominsu, amma idan ba a ɗora wa na'ura jadawalin Hausa ba, ba za ta fito da su daidai ba. Sai mai rubutu ya haƙura da k a gurbin ƙ, kafa da ƙafa su zama ɗaya, daka da ɗaka su cakuɗe.

Na uku, layi ɗaya tak yatsa ke samu a lokaci guda. Mai nazarin waƙa 'yar ƙwar biyar yana bukatar kwatanta ƙarshen ɗangwaye don ya gane amsa-amo, haka mai nazarin jadawalin lamirin suna. A nan takarda ta fi na'ura, domin hannu biyu na iya yawo a shafi guda.

Saboda haka na'urar ta cancanci yabo a matsayin littafin aljihu, amma bai kamata ta kori allo da tsinken huda daga hannun yaro ba, musamman da yake tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyaye. Makarantu irin ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, su fara da takarda. Aikin da ya rage na masana Hausa ne: su zauna da makafin da suka ƙware a rubutun, a daidaita jadawalin da kowace na'ura za ta ɗauka.