Masu Hawa Tudu da Jirgin Ruwa

A wurin matuƙin jirgin ruwa babu abin kunya kamar a ce jirginsa ya kafe a yashi. A rundunonin ruwa da yawa, kyaftin ɗin da hakan ta same shi sai ya gurfana gaban kwamitin bincike, wani ma daga ranar ya yi sallama da shugabancin jirgi. Amma akwai matuƙan da aikinsu ke nan. Su ɗauko jirgi mai tsawon mita 100, maƙare da tankokin yaƙi da manyan motoci da gangunan mai, su nufi gaɓa da shi gadan-gadan har cikinsa ya hau yashi, a sauke kaya, su janye shi ya koma teku lami lafiya, gobe kuma su sake. A cikin sana'o'in soja ban san wadda ta fi wannan buƙatar natsuwa da lissafi ba, ga shi kuma ba kasafai ake ba da labarinta ba.

Runduna ba ta iya yini guda ba abinci, ba ruwa, ba harsashi, ba mai. Idan teku ta raba ta da gida, duk wannan sai ta jirgi, jirgi kuwa sai da tasha mai zurfin ruwa da injinan ɗaga kaya. Abokin gaba ya san haka, don haka tasha yake fara karewa, in ya ga za ta kuɓuce masa ya rusa ta. A Dunkirk, a 1940, Birtaniya ta kwashe sojoji sama da 330,000 daga Faransa, amma motocinta da manyan bindigoginta kusan duka a can ta bar su, domin ba ta da jirgin da zai matso bakin yashi ya ɗauke su. Daga nan Winston Churchill ya matsa lamba a samo jirgin da ba ya jiran tasha. Da farko aka ɗauko wasu jiragen dakon mai guda uku da aka ƙera domin ruwa marar zurfi na tafkin Maracaibo a Venezuela, aka yanke goshinsu aka sa musu ƙofa. Sun yi aiki, amma na wucin gadi ne.

Matsalar ita ce ana neman abu biyu masu karo da juna. Jirgin da zai ƙetare Atlantika dole ya zauna sosai cikin ruwa, in ba haka ba raƙuman ruwa su kifar da shi. Wanda zai hau gaɓa kuwa dole ya zama sama-sama. A Nuwamba 1941 wani injiniyan rundunar ruwan Amurka, John Niedermair, ya zana maganin abin: a kewaye cikin jirgin da tankunan ruwa da famfuna masu ƙarfi. A tsakiyar teku a cika su jirgi ya nutsa ya yi nauyi, in an doshi gaɓa a zuƙe su ya taso. A lokacin hawa tudu goshinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba a cikin ruwa, bayansa kuwa kamar mita 3, domin an karkata shimfiɗaɗɗen cikinsa ya dace da gaɓar da ke gangara mita ɗaya a kowace mita 50. Wannan shi ne jirgin da ake kira LST. An ƙera sama da 1,000 kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare, akasarinsu ma ba a bakin teku ba, a garuruwan kan kogi irin su Evansville da Seneca, daga can su biyo Misisifi su fito teku. Gudunsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai a awa ba, kuma saboda shimfiɗar cikinsa yana tangaɗi ƙwarai. Yawancin waɗanda aka danƙa wa shi samari ne da yaƙi ya kwaso daga makaranta da gona da ofis.

Gwanintar tana farawa tun jirgi bai tashi ba, wajen lodi. Ɗan kasuwa yana loda jirgi ne don kada taƙi guda ya tafi a banza. Jami'in lodin soja kuwa tambayarsa ɗaya ce: me za a fara nema idan an buɗe ƙofa? Duk yaron motar da ya taɓa ɗaure kaya daga Kano zuwa Maiduguri ya san ba a danne buhun wanda zai sauka a Wudil da kayan mai zuwa ƙarshen hanya. Haka abin yake, sai dai a nan kuskure rai yake ci. Abin da za a fara buƙata shi ake lodawa a ƙarshe. Katafilar da za ta share hanya tana bakin ƙofa, tankoki na bin ta, sai motocin harsashi, sai na ruwa da abinci. Kowace mota da baya ake shigar da ita, domin ta fita da gaba ba sai ta yi kwana ba, a ɗaure ta da sarƙa ta kowace kusurwa. Ba a raba bindiga da harsashinta, ba a raba mota da direbanta. Ba a kuma tara duk maganin runduna ko duk na'urorin sadarwarta a jirgi guda, don kada nutsewar ɗaya ta gurgunta kowa. Wannan tsari yana ɓarnar wuri, kuma da saninsu suke yin ta.

Da tsada aka koyi wannan darasi. A Maris 1915 jiragen Birtaniya suka isa kusa da Galifoli ta Turkiyya, sai aka tarar an loda su yadda aka ga dama, kayan da ya kamata su sauka tare suna jirage daban-daban. Dole aka juya da su Iskandariya aka sauke aka sake lodi, ba a sauka gaɓa ba sai 25 ga Afrilu, Turkawa kuwa sun yi amfani da makonnin nan sun haƙa ramuka sun ja waya. A Yulin 1942 ma sojojin Amurka da ke shirin zuwa Guadalcanal sai da suka sauke jiragensu a Wellington ta New Zealand suka sake jera kaya da hannunsu, cikin ruwan sama, kwalayen abinci na narkewa a ƙasa.

Banda jeri akwai nauyi. LST na iya ƙetare teku da kaya fiye da tan 1,500, amma in zai hau gaɓa abin da aka tsara masa kamar tan 500 ne. Kuma ba jimillar kaɗai ake dubawa ba, har da inda kowane tan ya zauna. Nauyi ya rinjaya gaba, goshi zai taɓa ƙasa tun da sauran nisa. Ya rinjaya gefe, jirgi zai zauna a karkace, gadar sauka ta ƙi kwanciya daidai.

Sai sanin ita kanta gaɓar. Daga nesa duk yashi ɗaya ne, amma a ƙarƙashin ruwa akwai tudun yashi da ke ɓoye, wanda jirgi zai hau ya tsaya alhali tsakaninsa da busasshiyar ƙasa akwai kwari mai zurfi. Motar da ta sauka a nan ta nutse ke nan. Akwai kuma wurin da samansa yashi ne, ƙasansa laka. Saboda haka ne a daren 31 ga Disamba 1943 wasu sojojin Birtaniya biyu suka yi iyo a ɓoye zuwa gaɓar Normandi ta Faransa suka ɗebo samfurin ƙasa, a gwada a gani ko za ta ɗauki tanka. A kusa da Liverpool kuma wani masani mai suna Arthur Doodson yana ta juya injinansa na lissafi yana fitar da jadawalin cikowar teku da janyewarta, awa bayan awa. Inda gaɓa ta cika kwanciya har jirgi ba zai matso ba, sai a haɗa akwatunan ƙarfe masu yawo a ruwa a yi gada da su, kamar yadda aka yi a Sisili a 1943.

Duk wannan shiri domin 'yan mintoci ne, kuma a cikinsu ake gane gwani. An zuƙe tankuna, jirgi ya taso, kyaftin ya saita goshinsa ya fuskanci gaɓa sak, raƙuman ruwa na bugun bayansa. A bayan jirgin akwai wata anga ta musamman a ɗaure da doguwar igiyar ƙarfe, igiyar kuma a naɗe jikin inji. Jirgi na cikin tafiya kyaftin zai ba da umarni a sake ta. In ya yi gaggawa, igiya ta ƙare tun bai isa ba, ko ta tsinke ko ta zare ta bi anga cikin ruwa. In ya makara, angar ta faɗi kurkusa, ba ta da tazarar da za ta ciji ƙasa. Da ido yake auna wannan nisa, jirgi na gudu, wani lokaci ana harbinsa.

Angar nan ita ce ran aikin. Babban abin tsoro shi ne ruwa ya tura bayan jirgi ya juya shi ya kwanta gefe-gefe da gaɓa. In haka ta faru kowane raƙumin ruwa ƙara cusa shi yake yi a yashi, ƙofa ba ta fuskantar tudu, farfela ba ta da ruwan juyawa. Igiyar da ke miƙe a baya ita ke riƙe shi a saiti. Gudu ma da ma'auninsa: sannu-sannu, jirgi ya tsaya tun bai kama ƙasa ba, ruwa ya riƙa wasa da shi, da ƙarfi fiye da kima, ya hau inda ba zai sauko ba. Da ya zauna sai ƙofofin goshi su buɗe, a sauke gada. Aiki bai ƙare ba, domin duk tankar da ta fita jirgi raguwar nauyi yake yi, yana neman tasowa ya zame baya. Saboda haka injiniyan da ke ƙasa, wanda ko gaɓar ba ya gani, zai riƙa tura ruwa cikin tankunan gaba daidai gwargwadon abin da ya fita, don goshi ya ci gaba da danne yashi.

A Normandi, daga 6 ga Yuni 1944, gaɓa ta fi kwanciya fiye da yadda aka tsara wa jirgin, teku kuma na hawa da sauka kusan mita 6. Da farko manya sun hana a bar LST ya zauna a busasshiyar ƙasa, suna tsoron in yashi bai yi bai-ɗaya ba nauyi zai karya ƙashin bayansa. Da kaya suka taru a teku aka sassauta. Sai matuƙa suka riƙa shigowa ruwa na fara janyewa, su zauna, teku ta tafi ta bar jirgi a tudu ƙememe, motoci su fita ko tayarsu ba ta jiƙe ba, in ruwa ya dawo ya ɗaga shi. Ranar 19 ga Yuni guguwa ta taso ta yi kwanaki, ta ragargaza tashar wucin gadi da aka jawo daga Ingila aka kafa a gaɓar Omaha. Amurkawa ba su sake gina ta ba. Ta kan yashi suka ci gaba, kuma abin da suke saukewa a kullum ya zo ya zarce abin da aka yi hasashe. Jiragen ba sa komawa wayam: raunanan sojoji sama da 40,000 suka mayar Ingila.

A Inchon ta Koriya abin ya fi tsanani. Can teku na hawa da sauka kusan mita 9, in ta janye sai laka iyakar ganinka. Ranar 15 ga Satumba 1950 jiragen LST takwas suka bi cikowar yamma suka manna goshinsu da gaɓa, ɗauke da harsashi da mai da ruwan sha. Matuƙan sun san da zarar ruwa ya tafi ba su da hanyar fita sai cikowar safe, kuma ana harbi daga gari. Suka kwana a nan suna sauke kaya. Wannan ƙarfin hali ne irin na mai lissafi, wanda ya san adadin awannin da zai yi a tarko tun kafin ya shiga.

Fita ma da nata wuya. A ɗaga gada, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan gaba, injin baya ya fara naɗe igiya yana jan jirgi zuwa ga angarsa. Ana taimaka masa da farfela, amma a hankali, domin igiyar da ta yi sako-sako tana iya naɗewa a jikinta, yashin da aka tayar kuma yana toshe bututun da ke sanyaya inji. In ƙasa ta riƙe cikin jirgi, gwani zai ba inji ɗaya gaba ɗaya baya, bayan jirgi ya riƙa lilo kaɗan-kaɗan har yashi ya sake shi.

Nijeriya ma ta san amfanin wannan jirgi. A ƙarshen shekarun 1970 ta sayi biyu daga Jamus, NNS Ambe da NNS Ofiom, kuma Ambe na cikin jiragen da suka kai dakarun ECOMOG Monrovia a Agustan 1990. A 2022 aka karɓi NNS Kada, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharjah, shi ma tsawonsa mita 100, kuma a shekarar ya kai kayan aikin sojojin Nijeriya Gini Bisau. Na'urorinsa sun yi wa na 1944 nisa, amma gaɓar Afirka ta Yamma wuri ne mai raƙuman ruwa masu ƙarfi da tudun yashi mai sauya mazauni, inda jirgi ke saurin juyawa gefe. Ina fata rundunar ruwa za ta riƙa ba matasan hafsoshinta damar hawa tudu da shi akai-akai a lokacin zaman lafiya, a gaɓa iri-iri, da rana da dare, domin wurin sakin angar baya ba a aji ake koyonsa ba.