Kogi a Ƙofar Gida, Kotu a Birnin Kebbi: Sharhi a kan Rabon Hurumin Kotuna a Ƙasar Yauri

Manufarmu a wannan 'yar takarda ita ce mu dubi yadda aka raba hurumin shari'a tsakanin kotunan Tarayya da na Jiha, mu auna shi da ma'aunin talakan ƙasar Yauri, watau manomi da masunci da mai fito. Mu ba lauyoyi ba ne, malaman makaranta ne, saboda haka da idon mai kai ƙara za mu yi duban.

Tsarin ba shi da wuyar bayani a takarda. Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga Jihar Sakkwato a 1991, tana da kotunan majistare da kotunan Shari'a da aka kafa a 2000, sannan a samansu akwai Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ita kuwa Tarayya a Birnin Kebbi ta ajiye reshen Babbar Kotunta. Wanda hukuncin manyan kotunan nan uku bai gamsar da shi ba sai ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

To, inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999. Wannan sashe ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya, ita kaɗai, shari'o'in sufurin jiragen ruwa, har ya ambaci Kogin Kwara da Binuwai da rassansu da suna. Ga alama waɗanda suka tsara shi manyan jiragen kaya suke hange. Amma Kwarar da suka ambata ita ce hanyar kasuwar mutumin Yelwa da Shanga da Wara, ita ce kuma gonar Basarke. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nitse kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka yi hasarar rayuka masu ɗimbin yawa. Idan muka bi lafazin sashen, duk magajin da ke neman diyya a irin wannan musiba sai ya wuce alƙalin garinsu, ya wuce Babbar Kotun Jiha da ke zama a Yelwa, ya bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ya ɗauki lauya, a yi masa shari'a da Turanci. Matar da aka bar wa marayu, ina ta ga kuɗin motar ma, balle na lauya?

Haka nan rikicin gona. Alƙalin kotun Shari'a yana yanke shi bisa fiƙihun Malikiyya, amma sashe na 277 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. A shari'ar Magaji da Matari, a 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa jayayya kan mallakar gona ba ta cikin wannan hurumi. Sau da yawa mai ƙara ba ya gane ya ɓata hanya sai bayan shekaru, lokacin da kotun sama ta soke hukunci don rashin hurumi, a koma farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta tashi Gungawa daga tsibiransu, aka raba musu sababbin filaye a tudu. A daidai wannan lokaci ne kuma aka soke kotunan sarakuna da na En'e, inda dā ake da dattawan da suka san iyakar kowace gona.

Ba muna kiran a komo da kotun Sarki ba ne. Ita ma da nata laifin. Abin da muke gani mai yiwuwa ne, ba tare da an taɓa Tsarin Mulki ba, shi ne alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya riƙa fita rangadi zuwa Yelwa, a kuma sa magatakardan kowace kotun Shari'a ya faɗa wa wanda aka kayar, da Hausa, kotun da ya kamata ya kai kukansa.