Gadar Gwamna da Masaƙar Talaka

Jerin gine-ginen tarihi na ƙasa shi ma rubutu ne, kuma ana gane ra'ayin marubuci daga abin da ya tsallake. Tun 1956 Gadar Lugard ta shiga jerin: ƙaramar gadar ƙafa ce da aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka ɗauko ta zuwa Kaduna. Babu mai jayayya da darajarta. Amma a tsallaken kogi, a Kakuri, ga masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta ciyar da dubban iyalai, ta raya unguwanni. Yau injinanta sun yi shiru, kuma jerin bai san da ita ba. Ma'aunin da ya karrama inda gwamna ya taka, ya manta da inda talaka ya zubar da gumi, gurgun ma'auni ne.

Gyara yana hannun mai bincike: ya tono taswirar ginin a ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna, ya naɗi bayanan tsofaffin ma'aikata, ya miƙa hujjarsa ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Takarda tana iya jira, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi.