Louis Armstrong, Mabushin da Ya Sa Ƙaho Magana

Mu mutanen Dutse ba sai an koya mana sauraron busa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Garu ranar hawan sallah, ya ji kakaki ya ɗaga murya kafin Sarki ya ɓullo, algaita kuma tana ratsa ƙarar tambura, ya san cewa ƙarfe da kara suna iya kiran sunan mutum, su yi masa kirari, su tuna masa kakanninsa. Shi ya sa nake mamakin yadda har yau samarinmu na Kiyawa da Jahun da Shuwarin ba su san Louis Armstrong ba, alhali kunnensu a shirye yake da shi tun suna goye. Wallahi, a cikin duk mabusan ƙahon Turawa da na taɓa saurara, babu na biyunsa!

Ku nemi “West End Blues”, wanda ya ɗauka a Chicago a 1928. Minti uku ne da ’yan daƙiƙu. Ba ganga, ba fiyano, ba kowa: ƙahon ne ke buɗe fage shi kaɗai, ya gangaro, ya juya ya haye sama da gudu, ya tsaya can ƙololuwa, sannan ya sauko a natse kamar ba shi ya yi ba. Sai sauran makaɗa su shigo a hankali. Can tsakiya ya ajiye ƙahon, ya shiga amsa wa mai sarewar Turawa da muryarsa, ba kalma ko ɗaya, sautin baki kawai, amma ka rantse hira suke yi. Earl Hines ya yi nasa a fiyano. Daga nan Armstrong ya kama sauti ɗaya mai tsawo ya riƙe, ya riƙe, har sai ka ji naka numfashin na neman ƙarewa, kafin ya sake shi ya zubo. Tsigar jikina tashi take yi a daidai wurin nan, kullum. Kafin shi, ’yan jaz taron dangi suke yi wa kiɗa, kowa na busa tare da kowa. Shi ya mayar da mabushi ɗaya abin zuba wa ido, ya miƙe ya faɗi abin da ke ransa nan take, ba daga takarda ba.

Ga kuma inda ya fito. An haife shi a New Orleans ranar 4 ga Agusta 1901, a unguwar talakawa baƙar fata, uban ya bar gida tun yana jariri. Ya yi tallan gawayi, ya yi waƙa a bakin titi don a jefa masa kwabo. Daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama, aka kama shi aka kai gidan horon yara. A can wani malami, Peter Davis, ya ɗora shi a kan ƙaho cikin ’yan badujalar gidan. Ikon Allah! Inda aka kai yaro don a ladabtar da shi, nan arzikinsa yake jiransa. A 1922 ubangidansa King Oliver ya kira shi Chicago, kuma har ya bar duniya bai daina ambaton wannan mutumi da girmamawa ba. Wannan halin nasa na ƙara mini son sa: bai manta hannun da ya ɗaga shi ba.

Wasu masu sharhi sun so a ce gwanintarsa ta tsaya a faya-fayan shekarun 1920, wai da ya shiga dandali da fim ya koma mai ba da dariya. Ban yarda ba ko kaɗan. A 1929 ya shiga wasan Hot Chocolates a New York, yana busa “Ain’t Misbehavin’” daga wurin zaman makaɗa, ’yan kallo suka yi ta tafi har aka hau da shi kan dandalin. A 1936 ya fito a fim ɗin Pennies from Heaven tare da Bing Crosby, aka rubuta sunansa cikin manyan taurari a zamanin da baƙin mutum a fim ɗin Amurka bai wuce bara ko kuku ba. Ku kalli High Society na 1956, ku ga yadda yake cika allo: farin hankici a hannu, gumi na zuba, haƙora a waje, da muryar nan mai kaushi wadda duk wani malamin waƙa zai ce ba ta yi ba, ita kuwa ta gagari kowa kwaikwayo. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa “Hello, Dolly!” ta ture ’yan Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Dattijon da leɓensa ya sha tsagewa saboda busa ya kayar da samari huɗu da duniya ke hauka a kansu!

Kada murmushin ya ruɗe ku. A 1957, da gwamnan Arkansas ya hana yara baƙar fata tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower, ya fasa tafiyar da gwamnati ta shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. Abincinsa ya sa a kasada, ya kuma san hakan.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ya tako ƙasarmu. Kafin ya zo mana, ya fara zuwa Accra a 1956, ya yi wasa gaban Kwame Nkrumah. A 1960, ’yan makonni bayan Nijeriya ta sami ’yancin kai, ya zo nan, har akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardauna, Sir Ahmadu Bello. Jikan bayi daga bakin kogin Mississippi da jinin Shehu Usmanu, suna raha. A tafiyar nan ce kuma mawaƙiyarsa Velma Middleton ta kwanta ciwo a Saliyo, ta rasu a farkon 1961. Shi ya rasu ranar 6 ga Yuli 1971 a gidansa na Corona, cikin New York, gidan da yanzu ya zama gidan tarihi, inda aka adana ɗaruruwan kaset da ya ɗauka da hannunsa, har da hirarrakinsa na cikin gida.

Nan ne kishi ke kama ni. Busar da ya yi kusan shekara ɗari da suka wuce tana nan a wayar kowa, da rana da wata da sunan duk wanda ya taya shi. Mabusan fadar Dutse da Ringim da Gumel kuwa, waɗanda ke kumbura kumatu su yi ta busa ba yankewa, wa ya ɗauki nasu da sunayensu? Ina roƙon gidajen rediyonmu na Dutse su ware ko da awa ɗaya a mako: a sa Armstrong, a gayyato mai algaita ya zauna ya saurara, sannan a ba shi makirfo ya mayar masa da amsa. Ni dai ranar ko kasuwar Shuwarin ke ci, ba inda za ni.