Ƙofar da Ba a Komawa: Gyara a Aikin Masu Kama Mujiyar Rami

Akwai wata 'yar ƙaramar mujiya a nahiyar Amurka da ba ruwanta da kogon bishiya, a rami take zama. A yammacin Amurka ba ma ita ke haƙa ramin ba, sai ta gaji wanda kurege da danginsa suka bari. Yawanta yana raguwa. Kanada ta sa ta cikin tsuntsaye masu fuskantar ƙarewa tun 1995, a 2024 kuma Kalifoniya ta fara duba yiwuwar ba ta kariya ta doka.

Masu bincike na kama ta da dabara mai sauƙi. Ana kafa tarko a bakin ramin, mai 'yar ƙofa da ke buɗewa gefe ɗaya kawai. Mujiya ta ratsa, ƙofa ta rufe. Sai a auna nauyinta da tsawon fiffike, a sa mata zobe mai lamba a ƙafa, a sake ta. Wannan aiki ne mai kyau, don da shi aka san cewa wasu daga arewa na yin ƙaura har Meziko.

To ina matsalar? Irin wannan ƙofar ce ake amfani da ita wajen korarta. In za a yi gini a fili, sai a sa ƙofar a ramin na kamar kwana 2, mujiya ta fita ba ta iya komawa, sannan a rushe ramin. A rahoto sai ka ga an rubuta "an sauya mata wuri". Wane wuri? Sau da yawa ba wanda ya bi ta ya gani. An ƙirga ramukan da aka rufe, ba a ƙirga mujiyoyin da suka rayu ba.

Rami kuwa ba ɗaki ba ne kawai. Mujiyar tana jera kashin dabbobi a bakinsa, wanda ke jawo mata buzuzu ta ci. Nan take ɓuya daga shaho, kuma tana son zama kusa da 'yan uwanta. Masu bincike na gidan dabbobin San Diyego sun gwada wannan: suka yayyafa farin fenti kamar kashin mujiya a bakin ramukan wucin gadi, suka kunna kukanta a lasifika. Mujiyoyin da aka kawo sun fi zama a irin waɗannan wuraren. Wato ko rami ka ba ta, in babu alamar maƙwabta, tana iya tafiya.

Don haka, duk mujiyar da za a kora, a fara kama ta a sa mata zobe ko na'urar bin sawu, a bi ta har kakar ƙwai ta gaba. In ba a yi haka ba, a daina kiran abin kariya. Sunansa kora.